Kurakuran da masu jan wasan labari suke yi da mai ɓata musu zama

Wannan na masu jan wasan labari ne, wasan nan da ake zama kan tabarma ko a kewaye tabur, kowa ya ɗau mutum guda na cikin labari, a rubuta masa shi a takarda, ya zama shi, wannan mayaƙi wancan ɓarawo wancan mai magani, mutum ɗaya, wato mai jan labari, yana faɗin abin da ke faruwa, in an zo inda ba a san ko abu zai yiwu ba a jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. Wanda aka fi sani shi ne Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, bugu na biyar kuma ya fito a 2014. Mu ƴan Damagaram garin wasan kara ai ba sai an koya mana shiga rigar wani ba, wannan ɓangaren ba ya ba mu wuya. Abin da ke kashe grup mutum ɗaya ne da ke ɓata zama, da yadda mai jan labari yake ɗaukar abin.

Babban kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ramawa a cikin labari. Misali ƴan wasa sun iso ƙofar birni da dare, biyu suna lallashin mai gadi ya buɗe musu, magana ta fara daɗi, sai gogan naka ya ce "ni kam na zare wuƙa na soke shi". Ran mai jan labari ya ɓaci sai ya ce to dogarai arba'in sun kewaye ka, an ɗaure ka, gobe za a sare kanka. Kai a ganinka ka hora shi, shi kuwa wallahi abin da yake nema kenan, yanzu rabin awa cur labarin nasa ne shi kaɗai, yadda zai tsere daga kurkuku, sauran suna zaune suna kallon shayi yana hucewa. Matsalar ba ta wancan mutumin nasa na cikin takarda ba ce, ta mutumin da ke zaune gabanka ce, shi za ka yi wa magana. Ka ce a dakata minti biyu, ka tambayi sauran ko sun yarda labarin ya bi nan, in ba su yarda ba ka ce wuƙar ba ta fita kube ba, a ci gaba da lallashi. Ba wata doka da ta ce duk abin da ya fito bakin ɗan wasa dole ya faru.

To amma maganar ma akwai inda ake ɓata ta. Wasu sai sun tara abin a ciki wata da watanni sannan rana ɗaya su fashe gaban kowa, wasu kuma habaici za su jefa a grup ɗin WhatsApp, "wasu mutane dai ba su san zaman jama'a ba", kowa ya san da wa ake, shi ma ya sani, kuma ka riga ka ci mutuncinsa ba zai ƙara jin komai daga bakinka ba. Ka bari a tashi, ka raka shi wajen moto ku biyu, ka faɗi abin da ya yi ba halinsa ba. "Abokina ɗazu ƙanenmu nan yana cikin magana ka katse shi, daga nan bai sake buɗe baki ba har aka tashi, dan Allah in layinsa ya zo ka bar shi ya gama." Wannan ya fi "kai ka cika babakere" nesa ba kusa ba. Da yawa ba su ma san suna yi ba.

Wani abin kuma mutane na tsallake zaman farko, wanda ba a wasa a cikinsa sai dai a daidaita. Ƙarfe nawa ake farawa, in an kira magariba a ajiye komai ko da ana tsakiyar yaƙi, waya a aljihu ko a'a, an yarda ɗan wasa ya saci kayan ɗan uwansa a labari ko ba a yarda ba. Kuma a nan garin dole a yi maganar abin da ke cikin littattafan, akwai tsafi akwai gumaka akwai aljanu, wani ba ruwansa ya san tatsuniya ce, wani kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba amma kunya ta hana shi faɗi sai ka ga yana ta ɓata wasan da gangan. A cire abin da bai yi ba tun farko. Akwai wata dabara ta John Stavropoulos, a ajiye takarda mai alamar X a tsakiya, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa ta a wuce wurin ba a tambaye shi dalili. Kuɗi kuwa ko dala kar ya hau tabarmar, dama dattijon da ya wuce ya ga ɗan ludo caca zai fara zato.

Sannan ba duk mai ɓata zama ne ciwonsa ɗaya ba. Wanda ya kafa kai a waya yana kallon bidiyo, kafin ka zage shi ka ƙirga mutanenka. A fada duk wanda ya zo shan shayi sai ya ce a ba shi mutum shi ma, kunya ta hana ka ce a'a, ku wayi gari ku takwas, in kowa ya ci minti uku a layinsa mutum zai jira sama da minti 20 kafin ya jefa sau ɗaya, wa ba zai ɗauko waya ba? Yawancin labaran da ake bugawa na mutum huɗu ko biyar ne. A raba grup biyu, wasu asabar wasu lahadi. Mai yawan surutu kuma ka daina tambayar "me za ku yi", don shi zai amsa kullum, ka riƙa kiran suna ɗaya ɗaya, ka fara da mai shiru. Shi kuwa lauyan doka, wanda ya haddace littafi yana tsayar da wasa a kan shafi kaza, ni ba na ƙinsa sam, ka ce yanzu ga hukuncina in an tashi mu duba, littafin kansa ya ba mai jan labari magana ta ƙarshe, sannan ka ba shi bik da kaye ya riƙa rubuta layin wa ya zo da jinin da ya rage wa mutumin kowa, wato makin ransa a wasan, sai ka ga ya zama mataimakinka.

Wanda ya fi ban haushi mai cewa "ai haka halin mutumina yake". To wa ya ƙirƙiro shi? Kai ne. Ka sake masa hali, ko ka kawo wani da zai iya tafiya da jama'a.

Inda abin ya fi wuya shi ne in mai ɓata zaman ya girme ka, ko a zaurensu ake wasan, ko shi ke sayen sukari da ganye kullum. Nan ne ake yin shiru har mutanen kirki su zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Ku fara cire masa wannan riƙon, kowa ya kawo dala ashirin na shayi, wurin zama ya riƙa zagayawa, wannan sati Birni wani sati Zango. In yayanka ne a shekaru kar ka tare shi kai tsaye, ka samu sa'ansa da yake jin maganarsa ko shugaban fada ya ja shi gefe.

In an yi magana an sake yi bai canza ba sai a sallame shi, kuma a faɗa masa. Kar ku canza rana a ɓoye ku buɗe sabon grup ba shi, garin nan kafin sati ya ji, kuma wannan ya fi ciwo. "Yaya, shayi da belot ƙofa a buɗe take, amma wasan nan ba ya tafiya tsakaninmu, za mu ci gaba ba kai." Zai yi fushi, a bar shi ya yi. Wanda ya zagi iyayen wani ko yake damun mace da ke cikin grup da maganar banza, shi kam ba a jira gargaɗi na biyu, ranar za a karɓi takardarsa.