Saƙar tsumma ta Japan: inda masu koyo suka fi yin kuskure

Auduga ba ta yi a arewacin Japan saboda sanyi. Shi ya sa a zamanin Edo (1603 zuwa 1868) jiragen ruwan fatake suke kai tsofaffin tufafi daga wajejen Osaka, mutanen Aomori da tsibirin Sado su saya, su yayyaga, su sake saƙawa. Wannan saƙa ita ce sakiori: zare a tsaye, tsumma a kwance. Masu koyonta yau kusan wuri ɗaya suke tuntuɓe.

Yawancin ɓarnar tun kafin a hau masaƙa ake yin ta. Mutum ya ɗauko tsumma bai wanke ba, ya haɗa wanda ya sha wanki da sabon ƙyalle. Ranar da ruwa ya taɓa saƙar, sabon ya tsuke, tsohon ya tsaya, abu ya karkace. A wanke duka tukuna. Yadi mai roba kuwa a ajiye shi gefe, ba ya zama da auduga.

Sai faɗin yagar. Kada ta wuce santimita 1 in ƙyallen mara nauyi ne, mai kauri kuma a rage. Kuma ba a yagewa har ƙarshe. Ana barin ɗan baki, a juya, a yago daga ɗaya gefen, sai a samu igiya doguwa ba ƙulli. Ƙulli a tsakiyar saƙa, a ganina, lalaci ne kawai.

A kan masaƙa, mai jan ƙoshiya da ƙarfi zai ga gefen saƙarsa yana shigewa ciki. A sassauta tsumman, a kwantar da shi a karkace, sannan a buga sosai. Mayafin teburin ɗumama na kotatsu da masaƙan yankin Nanbu a arewacin Japan suke yi, bugun ne ke ba shi ƙwari.

Wajen rini, wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ba zai sha mamaki ba. Baban rini na Japanawa, sukumo, ganye ne da ake ruɓarwa a yankin Tokushima, ana tada shi da ruwan toka. Gaggawa ke sa a bar ƙyalle ya daɗe a ciki wai don ya yi duhu. Ba haka yake kamawa ba. A tsoma, a ciro, iska ta mayar da koren shuɗi, a sake tsomawa, sau da yawa. A yi a hankali kada a kaɗa iska cikin ruwan.

Kakishibu, ruwan ɗanyen 'ya'yan itacen kaki, halinsa daban: rana ke ƙara masa duhu, ƙarfe kuma yana baƙanta shi, don haka ban da bokitin ƙarfe. Wankin farko na mai shuɗi a yi shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, domin yana zuba.