Babi na Shida: Kiranshaf Ɗin Tarakta, Yanka ko Sauyi?

Kiranshaf shi ne sandar ƙarfen nan mai gwiwoyi da ke kwance a ƙasan inji. Fistan yana hawa da sauka, shi kuma yana mayar da wannan motsi juyi, ya miƙa wa fulawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji) da giya. Wuraren da yake juyawa a kansu, masu santsi kamar madubi, za mu kira su wuya. Tsakanin wuya da mazauninsa akwai ɓawon ƙarfe mai laushi da kanikawa ke kira metal, kuma baƙin mai ne ke hana su taɓa juna. Ranar da mai ya yanke, metal ya narke ya kankare wuya, sai a ce inji ya buga.

Idan ka ji ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, ko fitilar mai ta kama, kashe tarakta nan take, ko da saura kunya biyu a gama gona. Minti goma na ƙarin aiki kan mayar da kiranshaf mai gyaruwa ya zama na 'yan gwangwan.

Duba tsagewa kafin komai

A wanke shi tas da kananzir. A rataye shi da igiya, a ɗan buga da ƙaramar guduma a jikin gwiwa, ban da wuya. Lafiyayye yana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsagewa kuwa muryarsa a dushe take. Wannan gwaji babbar tsagewa kawai yake kamawa. Don ƙarama, a jiƙa shi da kananzir, a goge, a shafa garin alli. Bayan ɗan lokaci kananzir ɗin da ya ɓuya a tsagewa zai fito ya ja layi a kan allin. A fi sa ido a kusurwar da wuya ya haɗu da gwiwa, da bakin ramukan mai, don nan take farawa. Idan wurin masu yanka (masu rage kaurin wuya da injin dutse don ya koma santsi) akwai na'urar gwaji da maganaɗisu, ita ta fi.

Kiranshaf mai tsagewa ba ya gyaruwa. Kada wani ya lallashe ka da walda. Injin gas (dizal) yana dukansa da ƙarfi a kowane juyi, kuma idan ya karye ana cikin aiki yakan fasa bulok, asara ta ninka. Wuyan da zafi ya mayar shuɗi ma abin tsoro ne, domin taurin ƙarfen ya tafi.

Awo

Ido da farce ba sa yanke hukunci a nan, sai maikuromita, ma'aunin da ke kama kauri har ɗan ƙanƙanin ɓangaren milimita. Mu ɗauki injin Perkins 4.236 mai fistan huɗu, wanda ke cikin taraktocin Massey Ferguson da yawa. Yana da manyan wuya biyar masu kaurin kusan milimita 76.17, da wuyan konrod (sandar da ke haɗa fistan da kiranshaf) huɗu masu kaurin kusan 63.48. A auna kowane wuya a gefe biyu, sannan a juya a sake aunawa a gicciye. Bambancin da ya wuce 0.04 yana nuna wuyan ya zama ƙwai, sabon metal kaɗai ba zai yi magani ba.

Ana samun metal mai ƙarin kauri mataki uku, gwargwadon milimitar da aka rage a kaurin wuya: 0.25, 0.50 da 0.75, waɗanda a gareji ake ce wa ten, twenti da tati. Ga lissafin. Wuyan konrod ya nuna 63.30 a inda ya fi cinyewa. Cire 0.25 daga 63.48, saura 63.23. Tun da 63.30 ya fi 63.23, akwai sauran naman da za a yanka, ten ya isa. Da 63.15 ya nuna, sai twenti. Wanda aka riga aka kai tati ya sake kankarewa, ya gama aikinsa. Duba bayan tsohon metal, yawanci an buga lambar a jiki.

Yanka mai kyau yana barin kusurwar wuya a lanƙwashe kamar yadda ta zo daga kamfani. Mai gaggawa yakan bar ta da kaifi, daga nan kuma karaya take tasowa bayan 'yan watanni. Wasu kiranshaf ɗin Perkins taurinsu a fata kawai yake, yanka yana cire shi, littafin injin ya ce a sake taurara su. Inda babu mai yin wannan aiki, sauyi ya fi.

Idan za a saya

A haɗa kuɗin yanka, da metal, da na mota zuwa gari da dawowa, da kwanakin da tarakta za ta zauna. Idan jimlar ta kusa kuɗin sabo mai inganci, musamman damina ta kawo kai, a sayi sabon. A tafi da tsohon da lambar inji. Na hannu kuma, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo shi ko a Panteka ta Kaduna, a yi masa gwajin alli da awo kafin a biya. Tsohon asali mai yankan ten sau da yawa ya fi sabo marar suna.

Me ya kashe na farko?

Nan ne aka fi yin sakaci. A buɗe famfon mai a duba, a wanke rariyarsa. A shinshina tsohon mai: warin gas yana nuna nozul (mai fesa gas cikin inji) ko famfon gas na zuba, launin madara kuma ruwa ne ya shiga. Konrod ɗin da metal ya juya a cikinsa bakinsa ya buɗe, a gyara ko a sauya. Ramukan man kiranshaf suna riƙe garin dutsen yanka, a bi su da siririn buroshi da iska har su fito fes, in ba haka ba sabon metal zai cinye cikin awanni.

Wajen haɗawa, kowane murfin da ke riƙe metal a kan wuya ya koma mazauninsa bisa lambarsa. A shafa wa metal mai, a ɗaure da sifana mai awon ƙarfi yadda littafi ya nuna, a riƙa juya kiranshaf da hannu bayan kowane murfi. Inda ya cije, a tsaya a nemi dalili. Wasan gaba da baya na kiranshaf kada ya wuce milimita 0.38, direban da ke ɗora ƙafa a kan kuloci shi ke cinye wasoshin da ke riƙe wannan wasa. Kafin a tayar, a ja abin kashe inji a juya da sitata har fitilar mai ta mutu. A yi aiki marar nauyi, a sauya mai da filta bayan awa 50.