Yadda za ka sauya firosesa a tsohuwar kwamfuta

Kafin ka kashe kuɗinka, fara duba soket (gurbin da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke zama) na madabod ɗinka (babban allon da ke cikin kwamfuta) tukuna, misali tsohuwar Dell OptiPlex 7010 soket LGA1155 gare ta, tana karɓar firosesa i5-3470 ko i7-3770 amma na zamani sam ba zai zauna ba. Ka fara sabunta BIOS (manhajar madabod da ke tayar da kwamfuta), kuma don Allah kar ka yi sai da UPS (na'urar batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) ko janareta, in wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin madabod na iya mutuwa.

Cire wayar wuta, kwance fanka, goge tsohon man sanyaya firosesa (thermal paste) da ya bushe, cire tsohon firosesa, ɗora sabon firosesa a hankali kibiyar da ke jikinsa ta dace da kibiyar soket, ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake.

Tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025, ni dai Linux Mint, wata manhaja madadin Windows, nake sa wa tsohuwar kwamfuta.