Yadda ake rubuta ƙaramin shirin kwamfuta da zai faɗa maka ranar ban ruwa a lambu

Mai lambu ba ya rabuwa da "da a ce". Da a ce na yi tafiyar mako guda, tumatirin nan zai kai? Da a ce zafi ya ƙaru, sau nawa zan ɗauki garwa? Da a ce a rairayi na shuka, me zai canza? Ƙasa tana ba da amsa, amma sai bayan ganye ya yi yaushi, fure ya zube. Shirin kwamfuta da bai kai layi goma ba zai iya ba ka kimanin amsar tun shuka tana tsaye lafiya. Wanda bai taɓa rubuta shiri ba ma zai iya, in dai yana tarawa da ɗebewa.

Fara da gane abin da za a lissafa. Ƙasar da saiwoyi suke ciki kamar bokiti ce. Ruwan sama da ban ruwa suna cika shi, rana da shuka suna ɗiba kullum, in ya cika kuma abin da aka ƙara zurarewa yake yi ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Lamba ɗaya tak shirin zai riƙe, wato giɓi: milimita nawa ruwa ya ragu tun ranar da ƙasa ta ƙoshi. Ana auna ruwa da milimita ne domin sauƙin da ke ciki. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. In fangalinka mita 1 ne a faɗi, mita 2 a tsawo, giɓin milimita 10 yana nufin lita 20.

Mataki na gaba shi ne sanin yawan ruwan da ƙasarka take iya riƙewa, kuma nan ya kamata a natsu, don duk lissafin a kansa ya hau. Jiƙa ɗan ƙasa ka murza a tafin hannu. In ta warwatse ta ƙi dunƙulewa, rairayi ya yi rinjaye. In ta miƙe doguwa tana manne wa yatsa, laka ce. In ta dunƙule amma ta karye da an lanƙwasa, ta haɗu kenan, ita ce masu lambu suka fi so. A kan kowace mita ta zurfi, ƙasa mai rairayi tana riƙe wa shuka wajen milimita 80, haɗaɗɗiya wajen 150, mai laka takan wuce haka kaɗan. Sai ka dubi zurfin saiwa. Tumatir da ya girma a buɗaɗɗiyar ƙasa saiwarsa tana iya wuce santimita 70, amma a fangalin da aka sassaƙe sama-sama, ƙasan kuma ta daskare, gara ka ɗauki santimita 30. Haɗaɗɗiyar ƙasa mai zurfin santimita 30 tana riƙe milimita 45.

Kada ka bari shuka ta shanye 45 ɗin kaf. Tun kafin ruwa ya ƙare take fara wahalar zuƙo shi, girma ya ja baya. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, a takardarta ta ban ruwa mai lamba 56 wadda ta fito a 1998, ta ba da kason da kowace shuka take jurewa: tumatir kashi 40 cikin 100, latas kashi 30. Kashi 40 na 45 shi ne milimita 18. Wannan ita ce iyaka. Giɓi na kaiwa nan, a ba da ruwa.

Saura abin da ake sha kullum. Akwai lissafi mai sauƙi da George Hargreaves da Zohrab Samani suka fitar a 1985, wanda ba ya neman komai sai zafin rana mafi tsanani da mafi ƙarancin zafin dare. Ka ɗauki matsakaicin biyun ka ƙara masa 17.8, ka ninka da tushen murabba'in bambancinsu (wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da bambancin), ka ninka da 0.0023, sannan ka ninka da adadin hasken rana da ke isowa saman sararin wurin da kake, wanda aka mayar zuwa milimita na ruwa a rana. Wannan adadi na ƙarshe ya danganta da wata da kuma nisanka daga layin da ya raba duniya arewa da kudu. A kusa da layin yana yawo a 14 zuwa 15, akwai kuma jadawalinsa a intanet. Ga misali: zafin rana 32, na dare 20, haske 15. Amsa ta fito milimita 5.2 a rana. Wannan na gajeriyar ciyawa ce mai ƙoshin ruwa, wadda aka mayar ma'auni. Domin tumatir sai a ninka da 0.6 yana ƙarami, da 1.15 lokacin fure da 'ya'ya. Mai fure kenan yana shan milimita 6 a rana, iyakar 18 kuma kwana uku ce, lita 36 a fangalin nan na murabba'in mita 2.

Ruwan sama kuwa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya wadatar. Ajiye shi a fili nesa da bishiya da bakin rufi, kowace safiya ka auna zurfin ruwan da rula, ka zubar. Yayyafin da bai wuce milimita 2 ba ni ban cika sa shi a lissafi ba, a kan ganye da fatar ƙasa yake bushewa.

Yanzu sai rubutu. Ina ba da shawarar Python, yaren rubuta shirin kwamfuta da Guido van Rossum ya fitar a 1991, domin kyauta ne kuma ana karanta shi ba tare da wahala ba. Wanda ya fi sabawa da Excel zai iya yin abu ɗaya a layuka. Ka ajiye kwanaki a jere, kowace rana da lamba biyu, abin da aka sha da ruwan sama, ka sa 18 a gurbin iyaka, ka sa girman fangali da murabba'in mita, wato 2, a gurbin fadi:

gibi = 0
for sha, sama in kwanaki:
    gibi = gibi + sha - sama
    if gibi < 0:
        gibi = 0
    if gibi >= iyaka:
        print("A ba da lita", gibi * fadi)
        gibi = 0

Layin da ke mayar da giɓi sifili in ya sauka ƙasa da sifili shi ne mafi muhimmanci. In babu shi, shirin zai ɗauka ruwan sama na milimita 60 ya ba ka hutun kwana goma, alhali abin da ƙasa ta karɓa bai wuce giɓin da ke akwai ba, sauran ya zurare.

Daga nan daɗin abin yake farawa. Canza lamba ɗaya, ka sake kunna shirin. Da a ce rairayi ne: milimita 80 a mita, zurfin santimita 30, ya ba da 24, iyaka ta sauko ƙasa da 10. Ko kwana biyu ba za a cika ba. Ka lura, jimillar ruwan mako kusan ɗaya ce da ta haɗaɗɗiyar ƙasa, abin da ya bambanta shi ne a rairayi kaɗan-kaɗan ake bayarwa, a kai a kai. Da a ce zafi ya tashi zuwa 37 da rana, 23 da dare: sha ya koma milimita 7 da ɗoriya, kwana ukun nan ya zama biyu da rabi. Da a ce ka zurfafa sassaƙa har saiwa ta kai santimita 60: iyaka ta zama 36, kana da kwana shida. A ganina wannan ce amsar da ta fi kowace amfani, don ta nuna aikin fartanya na yini ɗaya yana iya raba yawan ranakun ɗaukar garwa biyu har ƙarshen shuka. Rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa shi ma yana da gurbi a lissafin, sai dai abin da yake ragewa shi ne tururin da ke tashi daga ƙasa, ba abin da ganye ke fitarwa ba, don haka tasirinsa ya fi yawa lokacin da shuka take ƙarama ba ta yi wa ƙasa inuwa ba.

Tambayar tafiya ta fi wuya, domin ba wanda ya san ranar da hadari zai zubar. Dabarar ita ce a bar kwamfuta ta yi ta ƙirƙiro makonni. Da kayan zaɓen lamba barkatai da ke cikin Python, ka ce kowace rana tana da damar ruwa kashi kaza bisa abin da gwangwaninka ya nuna a irin wannan watan, ka maimaita makon sau 1000, ka ƙirga sau nawa giɓi ya haye iyaka. Wannan hanya ita ake kira Monte Kalo, Stanislaw Ulam da John von Neumann ne suka raya ta a Los Alamos da ke Amurka a shekarun 1940. A gwajin nan cire layin ban ruwa, tunda ba ka nan. In makonni 700 cikin 1000 sun ƙare da ƙishi, nemi wanda zai zuba maka ruwa kafin ka kama hanya.

Lambobin nan duka matsakaita ne, lambunka kuwa yana da iskarsa da inuwarsa, lissafin Hargreaves ma bai san iska ko laima ba. Saboda haka makonni biyu na farko na gwaji ne. Ranar da shirin ya ce a ba da ruwa, tona da yatsa ko sanda zuwa santimita 10. In akwai danshi sosai, ƙara iyaka kaɗan. In shuka ta riga shirin yin yaushi da safe, rage iyaka. Yaushin tsakar rana kada ya ruɗe ka, shuka mai ƙoshi ma takan sunkuya a tsananin zafi ta miƙe da yamma. Lamba ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wacce ta gyara ba.

Masu shuka a tukwane hanyarsu ta fi gajarta. Ba tukunya ruwa har ya ɗiga ta ƙasa, jira ya tsaya, ɗora ta a sikeli. Washegari a daidai lokacin ka sake aunawa. Kilo 1 na ruwa lita 1 ne, don haka giram 300 da suka ɓace mililita 300 ne aka sha. Wannan lambar ka sa a gurbin sha, ka rubuta iyaka da mililita ita ma, ka cire ninkawa da faɗi.