Yadda ake duba naman gwarin da ke zaune a saiwar tuffa

A gonakin tuffa da ceri na ƙasashe masu sanyi, irin su Poland da Beljiyam, akwai naman gwari da ake kira mikoriza wanda yake shiga cikin saiwa ya zauna. Yana miƙa zare siriri cikin ƙasa ya jawo wa itace ruwa da fosfaras, wani sinadarin abincin shuka, itacen kuma ya ba shi sukari. Ido ba ya ganinsa, sai an rina saiwar.

Da farko ka tona a gindin itatuwa daban-daban, wasu a layin da ake fesa maganin ciyawa, wasu inda ciyawa take, don ka kwatanta. Saiwoyi ƙanana masu laushi za ka ɗiba, manyan ba su da amfani a nan. Ka wanke su, ka yayyanka kamar tsawon santimita ɗaya.

Sai ka dafa su a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari har su yi haske. Saiwar tuffa tana da duhu da taurin kai, takan ɗauki lokaci. Sa safar hannu da tabarau, don sinadarin yana cin fata. Ka ɗauraye, ka sake tafasa su minti uku a ruwan binega da aka zuba wa baƙar tawada kashi 5 cikin ɗari. Wani mai bincike, Vierheilig, da abokan aikinsa ne suka fito da wannan dabara a 1998, ga arha ga rashin haɗarin rinin ɗakin gwaji. Ba kowace tawada ce take kamawa ba, gwada tukuna.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga zare-zare, da ƙwayoyi masu kama da ƙwai, da wasu ƙananan rassa cunkushe cikin ƙwayar saiwa. A waɗannan rassan ake musayar abincin.

Amma rini yawa kawai yake nunawa. Sanin iri nawa ne, Rhizophagus ne ko Funneliformis, sai gwajin DNA. Da shi masu bincike na jami'ar Leuven suka nuna a 2015 cewa gonakin tuffa na Beljiyam da aka fi matsa wa da taki sun fi ƙarancin iri.

In ka ga saiwar fayau, kada ka ruga sayen hodar mikoriza ta kanti, wadda galibi iri ɗaya ko kaɗan ne a ciki. Auna fosfaras na ƙasarka ka rage taki, ka daina yawan huɗa kusa da gindi, ka shuka kulofa, wata ciyawa dangin wake da ke karɓar mikoriza, tsakanin layuka. Mustad da danginsa ba sa karɓar wannan naman gwari, don haka ba za su yi maka wannan aikin ba.