Yadda za ku bi sawun Yarjejeniyar Maputo har ta zama doka

Duk zaman da na yi da ƙungiyoyin mata aka taɓo Yarjejeniyar Maputo, wato yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin mata, sai an samu mai cewa, "Ai gwamnati ta sa hannu tuntuni." 'Yan'uwa, sa hannu kuɗin na-gani-ina-so ne, ba a ɗaura aure ba tukuna.

Ku fara da gano inda ƙasarku ta tsaya. Shugabannin Tarayyar Afirka sun amince da yarjejeniyar a Maputo, babban birnin Mozambik, ranar 11 ga Yuli, 2003. Ta fara aiki ranar 25 ga Nuwamba, 2005, bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. Tabbatarwa ba ta cika sai ƙasa ta miƙa takardarta ga shugaban Hukumar Tarayyar Afirka a Addis Ababa. Ghana ta yi hakan a 2007. Nijar ta sa hannu, amma da maganar ta je majalisa a 2006, aka yi watsi da ita. Najeriya kuwa ta tabbatar tun 2004, sai dai sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta yi aiki a matsayin doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita dokar gida. Kun ga aikin 'yar Maraɗi daban, na 'yar Kano daban.

Daga nan ku karanta ta da kanku, kada ku dogara da "an ce". Tawa kwafin tana jakata, gefenta duk ya nannaɗe, na zagaye sassa huɗu da jan biro: na 6, na 7, na 14 da na 21. A nan rigimar take. Sashe na 6 ya sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure ga mace, ya kuma fifita auren mace ɗaya, amma ya ce a kare haƙƙin matan da ke zaune da kishiyoyi. Na 7 yana son saki ya bi ta kotu. Na 14 ya yarda a zubar da ciki a asibiti idan fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko ran uwa da lafiyarta na cikin haɗari. Na 21 kan gado ne.

Wurin malamai za ku fara zuwa, tun kafin ofishin kowane ɗan majalisa. Ni kaina na taɓa yin kuskuren barin su a ƙarshe, sai muka ji maganarmu a huɗubar Juma'a, an juya ta yadda ba mu faɗa ba. Da na koma, a zaure na samu wani dattijon malami bisa buzunsa. Bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, karatu na kawo." Na fara masa da sashe na 20, wanda ya hana wulaƙanta matar da mijinta ya rasu, ya kuma ba ta damar auren wanda take so. Ya gyaɗa kai. Da muka iso gado, na nuna masa cewa rabo na adalci aka rubuta, ba a ce a raba daidai wa daida ba. A kan sashe na 14 ba mu daidaita ba, kuma ban ɓoye masa komai ba. Ɓoye-ɓoye shi ke kashe wannan aiki.

Idan wani sashe ya gagara, ku sani ƙasa na iya tabbatarwa tare da togaciya a kansa, wato ta ce ta yarda da sauran ban da wannan sashen. Kenya da Uganda sun yi haka a sashe na 14. Gambiya da Ruwanda sun sa togaciya, daga baya suka janye. A ganina hakan ya fi a yar da duka, domin sashe na 5 da ya haramta kaciyar mata da na 12 kan karatun 'ya'ya mata ba su da laifin da za a hukunta su tare.

Ɗan majalisa kuma, ku same shi a mazaɓarsa, da takarda shafi ɗaya cikin Hausa. Ku tafi da unguwarzoma ko ma'aikaciyar jinya da ta ga yarinya mai yoyon fitsari da idonta, ku bar ta ta yi magana. Kada ku raina ci gaba ɗan kaɗan: Majalisar Dattawan Najeriya ta kayar da ƙudurin daidaita damar maza da mata a 2016, amma dokar hana cin zarafi ta 2015 ta wuce, jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da ta tabbatar, wajibi ne ta riƙa kai rahoto duk shekara biyu ga Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul. Ku tambayi ma'aikatar shari'a yaushe aka kai na ƙarshe. Ƙungiyoyi ma suna da damar aika nasu rahoton, don haka ku buɗe littafi tun yau, kuna rubuta kowace ƙarar da ta zo muku da kwanan wata da yadda ta ƙare.