Darasi na 9: Aikin Direba da Kwandasta a Jirgin Lantarki Mai Sanda

Daga wajen 1900 zuwa 1930, jiragen ƙasa masu amfani da lantarki sun haɗa garuruwa da yawa a Amurka, musamman a jihohin Indiyana da Ohayo. Tarago ɗaya ne galibi, ma'aikata biyu: direba a gaba, kwandasta a baya.

Wutar tana bin wayar tagulla da aka rataya a sama, ƙarfinta galibi volt 600. Doguwar sandar ƙarfe ce a rufin taragon ke ɗauko ta. A gindin sandar akwai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai tura ta sama, a bakinta kuma ƙaramar taya mai kwarmi da ke bin wayar. Wuta ta gama aiki a injin da ke juya tayoyin tarago, sai ta koma tashar wuta ta ƙarfen dogo.

Kwandasta ya buga ƙararrawa sau biyu, tashi ke nan. Sau ɗaya, tsayawa. Direba ya saki birkin iska, ya riƙa murɗa hannun wuta daki-daki. Ya murɗa da garaje, sai tayoyin tarago su yi ta juyi a wuri ɗaya ko makunni ya yanke wuta. Ya daɗe a matakan farko, ƙarafan rage wuta na ƙarƙashin tarago su yi ja. In dogo na santsi, akwai yashi da ake zubawa gaban taya.

Sanda dai a kwance take bin tarago ta baya. In tarago mai sanda biyu ne, gaba da baya, a ƙarshen layi kwandasta zai fara ɗaga wadda za ta koma baya, sannan ya sauke ɗayar ya maƙale ta a ƙugiya. Da haka fitilu da injin iskar birki ba sa mutuwa.

Babbar fitina ita ce suɓucewar sanda daga waya. Tana faruwa a kwana, a mararrabar wayoyi, ko in gudu ya yi yawa. Sifirin ɗin na cilla ta sama, ta yi ta dukan wayoyin da ke riƙe da babbar waya har ta tsinka su. Shi ya sa ake ɗaure igiyarta a wata na'ura mai fizgo ta ƙasa. Direba ya kashe wuta, ya tsaya cak. Kwandasta ya kama igiyar, ba sandar ba, ya lallaɓa tayar kan waya. Aka mayar da ita wuta na kunne, tartsatsi ya ƙone waya. Da dare aikin nan sai mai haƙuri, don lalube ake yi.

Yawancin layukan dogo ɗaya ne tilo, na zuwa da dawowa, sai 'yan wuraren ratsewa. Mai tsara zirga-zirga ke faɗa ta tarho inda wane zai jira wane, kwandasta ya rubuta, ya maimaita masa. A watan Satumba 1910, a Kingsland ta Indiyana, wani tarago ya wuce inda ya kamata ya jira, ya yi taho-mu-gama da wani, mutum fiye da 40 suka rasu.